Gishirin da Yayana Irshaid Ya Ci

Tun da yayana Irshaid ya rasu mutane ke tare ni a hanya suna gaya mini irin kirkinsa. Wai mai sulhu ne, wai bakinsa ya kashe wutar gidaje da yawa. Nakan ce Allah ya jiƙansa in yi gaba, don ba a musu da mai ta'aziyya. Amma ciki ɗaya muka fito da shi, faranti ɗaya muka ci, in har abin da yake rage mini ya isa a kira shi ci, kuma shi ne ya zaunar da ni shekara goma sha ɗaya a garin da ba nawa ba. In za a ba da labarinsa, ni Fidda na fi kowa cancantar bayarwa, kuma ba zan yi masa kwalliya ba.

Shekara shida ya ba ni. A ƙauyenmu na kan duwatsun Karak aka haife mu, a can muka tashi. Mahaifiyarmu takan ce ita mutum uku ta haifa cikin riga ɗaya: akwai na ciki, akwai na kai, akwai na zuciya, kuma ko gaisuwa ba ta haɗa su. Tana faɗa tana dariya. Ni da na zauna da su ukun ban ga abin dariya ba.

Na cikin na fara sani. Muna yara, in an ajiye mana gurasa da man zaitun, sai ya ce in leƙa waje ana kirana. Kafin in dawo ya suɗe kwanon. In na kai ƙara ya riga ni da bayani, har a ƙarshe ni ake yi wa faɗa don na bar abinci na fita. Da ya girma abin ya girma tare da shi, kuma mansaf, shinkafa da naman rago a romon nono, shi ne lagonsa. A wurin biki, in maza sun tsaya sun kewaye farantin, hannun hagu a baya, kowa yana cin gabansa yadda tarbiyya ta ce, shi ma gabansa yake ci. Sai dai ta ƙasa yake haƙa, yana yi wa shinkafar rami, har naman da ke gaban maƙwabcinsa ya gangaro, sai ya ce, "Ka ga ikon Allah, shi ya taho da kansa." Da yake kuma in babban baƙo ya janye hannu kowa sai ya janye, Irshaid kan tsaya a gefen babban baƙon, yana yago masa nama mai laushi yana tura masa, yana jansa da tambaya a kan kakanninsa. Mutane suna cewa ladabi ne. Ni na san so yake kada a ɗauke farantin da saura.

Na kan kuwa ban taɓa musun yana da shi ba. Fataucin tumaki ya yi duk rayuwarsa, kuma in ya ɗora tafinsa a gadon bayan rago ya faɗi nauyinsa, ma'auni ba ya ƙaryata shi. Ya san iyakar gonar kowa, ya san wa ya auri wa tun zamanin Turkawa. Shi ya sa tun bai cika arba'in ba dattawa suka fara tafiya da shi in za a je neman sulhu. In ya miƙe a gaban waɗanda aka yi wa ɓarna, ya gyara mayafin kansa, ya fara magana a kan ƙaddara da haƙuri, sai ki ga ƙattin maza suna share hawaye. Daga nan a sha gahawa, a shigo da farantai. Ban taɓa sanin wanne ne yake kai shi ba, sulhun ko farantin, kuma ina jin shi ma bai sani ba.

Na zuciyar ba kullum yake fitowa ba, amma in ya fito sauran biyun sai su ba shi wuri. Ya taɓa yin shekara shida ba ya magana da kawunmu don kawai an miƙa wa wani gahawa kafin shi a gidan. Wannan zuciyar ce kuma ta so mutum ɗaya tak a duniya, ɗansa Sayil, wanda matarsa Wadha ta haifa bayan 'yan mata huɗu. Da idona na ga Irshaid ya ciro harshen rago daga kan faranti, abin da ko mahaifinmu bai taɓa bar wa ba, ya miƙa wa yaron. Ranar mahaifiyarmu ta ce lallai tashin duniya ya kusa.

Ni kuma na auri Salama, gida biyar tsakaninsa da namu. Mutum ne marar surutu, mai cin abin da aka ba shi. Duk duniyarsa itatuwan zaitun da ya gada a gangaren kwari, sai kurangar inabi a tsakar gida. Irshaid kan tsokane shi da sunan ɗanmu na fari, ya ce, "Abu Halaf, kai ci kake yi ko ɗanɗana wa mutane gishiri?" Salama ya yi murmushi ya ƙyale shi. Shekara ashirin da biyu muka yi a haka.

Wani rani aka yi bikin ɗan maƙwabta. Bayan la'asar, ana rakiyar ango, samari suka yi ta harba bindiga sama kamar yadda ake yi a lokacin. Awwad, ƙanin mijina, ya zo da wata tsohuwar bindiga ta ubansu. Ta ƙi tashi, ya sauke ta yana dubawa, ta tashi. Sayil yana tsaye da butar gahawa a hannu yana zuba wa baƙi, shekararsa ashirin. Bai kai asibiti ba.

Na yi kukan yaron nan fiye da yadda na yi wa ubana, don a bayana ya girma. Amma ba a bar ni na gama kukan ba. Kafin magariba dattawa suka zo da babbar mota, suka ce duk namijin da ya haɗa kaka da Awwad ya bar ƙauyen da iyalinsa kafin jini ya ɗebi dangin mamaci, kuma babu dawowa sai uban yaron ya yarda. Salama bai ma je bikin ba. A gona aka same shi yana ban ruwa, ya hau motar da taɓo a ƙafa. Irshaid ya aiko mini da saƙo ta bakin wata mata: wai in koma gidan ubana in rabu da su. Na ɗauki kwaɓin gurasar da na bari yana tashi, na hau na zauna kusa da mijina.

A Zarƙa muka sauka, ɗaki biyu a bayan garejin gyaran motoci. Salama ya samu gadi a gidan buga bulo. Mutumin da bai taɓa yin yini guda bai taɓa itace ba, ya koma shuka na'ana'a a gwangwanin madara, yana shaƙar ƙurar siminti safe da yamma. Awwad ya yi zaman kurkukunsa, ya fito ya bar ƙasar. Ba mu taɓa roƙon a dawo da shi ba. Namu roƙon ɗaya ne, a bar wanda bai taɓa bindigar ba ya koma gidansa.

Sau uku dattawa suna zuwa gidan Irshaid da ayari guda. Za a zuba wa jagoransu gahawa, ya ajiye finjalin a ƙasa, ya ce ba za su sha ba sai an biya musu buƙata. Abin da ya rage wa mai gida shi ne ya ce, "Ku sha gahawarku." Irshaid ya san kalmomin, don ya sha ƙwato su daga bakin wasu. Sau uku yana zaune yana kallon finjalin har ya huce, dattawan suka tashi suka karkaɗe rigunansu. Ko diyya da aka ambata, cewa ya yi kada a sake. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a duk shekarun nan bai fasa zuwa sulhun mutane ba. Labari yana iske mu har Zarƙa, wai Abu Sayil ya sa wani uba ya yafe jinin ɗansa a Tafila, wai ya yi maganar da ta sa kowa kuka, wai shi kaɗai ya tashi da rabin faranti.

A shekara ta huɗu mahaifiyarmu ta rasu. Ni kaɗai na je, don ni 'yar gida ce, ba wanda ya isa ya hana ni. Salama, wanda ta ɗauka kamar ɗan cikinta, ya yi mata addu'a daga bayan gareji.

A shekara ta goma sha ɗaya likita ya ce huhun Salama ya ƙare. Bai ji tsoron mutuwar ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne zai mutu bai sake ganin zaitun ɗinsa ba. Ba ya faɗa, amma kullum in ya farka sai ya tambaye ni ko ina jin an yi ruwa a can. Na hau mota na tafi wurin yayana.

Da hantsi na same shi a tsakar gida, ya tasa kwanon ƙwai da gurasa da cuku a gaba. Ya ƙara ƙiba, wuyansa ya ninke.

"Zauna ki ci," ya ce.

"Ban zo ci ba, Yaya."

"To zauna ki kalla."

Na zauna na faɗa masa abin da likita ya ce. Na ce Awwad bai yi da gangan ba, Salama kuwa yana gona. Ya bar ni na gama yana taunawa.

"Kin ɗauka ban sani ba?" ya ce. "Na fi ki sani. Da hannuna na kwance bindigar nan na duba. Awwad wawa ne, ba makashi ba ne. Mijinki kuwa ko ƙuda bai iya kashewa ba. Wannan shari'ar kaina ya gama ta tun makon farko."

"To me ya rage?"

Ya buga ƙirjinsa da hannun da ke da maiƙo. "Wannan. Kullum da safe nakan ce yau zan aika su dawo. Sai in fito in ga ƙofar ɗakin yaron. Sai in tuna zan ga Salama yana wucewa ta layin nan da 'ya'yansa maza uku a bayansa, duk da ransu."

"Kai da kake yawo gari gari kana koya wa mutane haƙuri?"

"Waɗancan 'ya'yan wasu ne."

"Mutuwa zai yi, Yaya."

"In ya mutu ku kawo shi. Ba na faɗa da gawa." Ya yagi gurasa ya share kwanon da ita, ya jefa a baki.

Ina kallon maƙogwaronsa yana motsi dabarar ta zo mini. Na yi magana da na kai, ya ce shi ya yarda amma ba shi da iko. Na zuciya ba ya jin magana. Saura ɗaya, kuma shi na fi sani tun ina yarinya.

A wurinmu wanda ya ci yankan wani gida da gishirinsa, a gaban shaidu, ba ya sake riƙe gidan da gaba. In ya riƙe, ya zubar da mutuncinsa, babu mai shan gahawarsa, babu mai tafiya da shi ko'ina. Irshaid ya san haka, shi ya sa duk shekarun nan in ya je walima sai ya tambaya da wasa wa ya yi yankan, wa ya kawo jamid ɗin, busasshen nonon da ake romon mansaf da shi. Gida ɗaya ne ba zai iya tambaya ba, gidan Hajji Difallah, dattijon da ya jagoranci ayarin nan har sau uku. A lokacin ya dawo daga aikin hajji, zai ciyar da ƙauyen ranar Juma'a. Na je na durƙusa a gabansa na faɗa masa abin da nake so.

"Ummu Halaf," ya ce, "wannan tarko ne."

"Tarko ne, Baba."

"Jiya jiya na dawo daga Ɗakin Allah."

"Shi ya sa ba zai tambaye ka ba."

Ya daɗe yana jan carbi. Sau uku yayana yana mayar da shi gida da busasshen baki a gaban jama'a, kuma dattijo ba ya manta irin wannan. A ƙarshe ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, in an tambaye shi zai faɗa. Na ce na yarda.

Da na koma Zarƙa, Salama ne ya ba ni wahala. Ya ce shi ba ya son komawa garinsu ta bayan gida. Na ce, "Kai dai yanka, zunubin nawa ne." A kan kujera ya zauna, 'ya'yanmu biyu suka danne ragon, ya yi bisimilla ya yanka, sannan ya yi ta tari har na ce ko shi zai riga ragon tafiya. Da sassafe na kama hanya da naman, da shinkafa, da dunƙulen jamid ɗin da na shanya da hannuna tun bazara. Na shiga madafar Hajji ta ƙofar baya, matan gidan suka ba ni murhu guda. Farantin da za a ajiye gaban Irshaid ni na dafa shi daga farko har ƙarshe, kuma nan ne na yi kuskure. Na jiƙa jamid, na dama, na tace, na zuba 'yar hulba a cikin man kamar yadda nake yi kullum, ban tsaya na tuna ba cewa a duk ƙauyen mahaifiyarmu kaɗai ke yin haka.

Bayan an sauko daga masallaci aka shigo da farantai. Ta tagar madafa nake leƙe. Irshaid ya tsaya a gefen Hajji, ya naɗe hannun riga, ya mayar da hagu baya. Aka kwarara romo a kan shinkafar. Ya ɗebo, ya mulmula a tafinsa, ya cilla a baki. Sai ya tsaya.

Bai tauna ba, bai haɗiye ba. Ya ɗago kai ya dubi Hajji, Hajji ya dubi carbinsa. Sannan ya juyo ya dubi tagar da nake, duk da na san ba zai iya ganina ba. Ya gane. Lomar tana bakinsa, kuma muddin ba ta wuce maƙogwaro ba yana iya juyawa ya tofar, ya tambayi mai gida, komai ya rushe. Na ga jijiyar goshinsa ta miƙe kamar ranar da aka kawo gawar Sayil. Na ga idonsa yana lissafi. Na kuma ga leɓensa yana rawa, romo yana neman zubowa ta gefe. Su ukun nan da mahaifiyarmu take faɗa, ranar na gan su a fuska ɗaya sun shaƙe wuyan juna.

Maƙogwaronsa ya motsa. Hannunsa ya koma farantin.

Ban taɓa ganin ya ci abinci kamar ranar ba. Bai yi wa kowa rami ba, bai tura wa Hajji nama ba. Loma yake kaiwa a kan loma, gumi yana bin gemunsa, har mazan da ke tare da shi suka janye hannu suka tsaya kallo. Sai da ya kai gurasar da ke shimfiɗe a ƙarƙashin shinkafar, ya naɗe ta ya cinye.

Hajji ya gyara murya. "Abu Sayil, ga jama'a suna ji. Ragon nan Salama ne ya yanka shi da hannunsa, gishirin kuma na gidansa ne."

"Na sani tun lomar farko," in ji Irshaid.

"To me ka ce?"

Ya dubi hannunsa, maiƙo yana ɗiga daga yatsunsa. "Me ya rage in ce? Su dawo."

Aka yi ta kabbara, aka rungume shi, wani ya ruga ya ɗaura farin ƙyalle a ƙofar gidansa, alamar an yi sulhu. Har yau ana gardama a ƙauyen a kan abin da ya sa ya haɗiye. Dattawa suna cewa hankalinsa ne ya ga ƙofa a buɗe ya bi. Wadha tana cewa girkin uwarsa ya tuna, shekara bakwai rabonsa da shi. Ni da na san shi tun kwanon man zaitun, cewa nake ya ji daɗi a bakinsa ne ya kasa tofarwa.

Ina wanke tukunya a bayan madafa na ji kakari. Yana durƙushe a gindin ɓaure, ya dafa bango, duk abin da ya ci yana dawowa. Da ya gama ya ɗago ya gan ni.

"Kin kyauta, 'yar babana," ya ce. "Kin sa na ci jinin ɗana da shinkafa."

"Ni ban buɗe maka baki ba."

"Ba ki buɗe ba," ya ce, ya goge gemunsa ya tafi.

Ranar Lahadi muka dawo. Rabin zaitun ɗin sun bushe, kurangar inabin ta mutu, amma Salama ko a jikinsa. Kullum da safe 'ya'yanmu su ɗauke shi a kujera su kai shi gangaren, ya zauna yana nuna musu reshen da za su sare. Kwana ashirin da uku ya yi, ya rasu. Aka binne shi kusa da ubansa. Irshaid ya zo jana'izar, ya tsaya a sahu, ya yi duk abin da al'ada ta ce bai rage komai ba, kuma bai dubi inda nake ba. Kwana ashirin da ukun nan ba na nadamarsu, ko yau aka ce in sake zan sake.

Sai dai tun daga Juma'ar nan Irshaid bai sake cin abincin kirki ba. Shayi da busasshiyar gurasa, shi ke nan. In an kira shi walima yakan je, ya tsaya a bakin faranti da hannu biyu a baya. Da farko an ɗauka fushi ne na 'yan kwanaki, har ana yi masa tsiya wai Abu Sayil ya shiga azumin da ba a wajabta ba. Wata ya wuce, shekara ta zagayo. Rigarsa ta koma lilo a jikinsa, wuyan nan mai ninki ya zama fata. Aka kai shi Amman, likitoci suka juya shi suka ce ba su ga komai ba. Ni na ce taurin kai ne, kuma ya saba hukunta mutane da abin da ya ga dama. Da ya hukunta mu da zama a Zarƙa, yanzu kuma yana so in riƙa ganinsa yana narkewa gida biyar tsakanina da shi.

Wata ranar Talata Wadha ta shigo gidana, karo na farko tun da muka dawo. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ke kika ɗaure shi, ki zo ki kwance." Na so in ce mata ba ni da lokaci. Amma na jiƙa jamid, na dafa da ɗan nama mai laushi, na zuba hulba a man, na ɗauki kwano na bi ta.

Yana kwance a ɗakin Sayil, nan ya koma da kwana. Rana ta shigo ta taga ta haske fuskarsa, duk ƙashi. Na ajiye kwanon kusa da matashinsa na buɗe. Hancinsa ya buɗe, yawunsa ya tsinke har ya haɗiya. Hannunsa na dama ya taso daga kan bargo, yatsun suka lanƙwashe da kansu yadda suke yi in za su mulmula loma. Sai ya kamo hannun da na hagu, ya danne shi a ƙirji.

"Ɗauke," ya ce.

"Ka ci, Yaya. An yi sulhu, an gama, wanda aka yi dominsa ma ya tafi."

"Na kai ya yi sulhu. Na ciki ya yi sulhu, a gaban mutane ma." Ya numfasa. "Ki bar wa yaron mutum ɗaya."

Da wata ce da ta yi kuka ta rungume shi. Ni abin da ya taso mini shi ne ɗaki biyu a bayan gareji, da tarin Salama, da hantsin nan da na zauna ina roƙo yana share kwano. Na jawo abincin gabana.

"To kwanta ka kalla," na ce.

Na mulmula na ci. Wadha ta fita ta bar mu. Bai juya fuskarsa bango ba, na so ya juya. Kowace loma da idonsa yake raka ta, daga kwanon har bakina, leɓensa yana motsi tare da nawa. Ban ji ɗanɗanon komai ba, amma ban tsaya ba sai da na gama, na yagi gurasa na share kwanon yadda yake yi.

"Gishirin ya yi?" ya tambaya a hankali.

"Ya yi," na ce.

Kwana tara bayan nan ya rasu. Ban yafe masa shekarun nan ba, kuma ban nemi ya yafe mini ba. Sauran jamid ɗin yana nan cikin buhu a saman kabad, matar Halaf ta tambaye ni sau biyu ko ta dafa, na ce ta bar shi.